MAN KANUMFARI: ƊIGO ƊAYA MAGANI, COKALI ƊAYA GUBA

A wannan fitowa za mu yi magana bisa wani abu da babu gidan da bai san shi ba, wato kanumfari. Mata na saka shi cikin yaji da fura da kunu. Mahauta na saka shi cikin haɗin kilishi. Tsofaffi kuwa, da zarar haƙori ya motsa, sai su ce a nemo ƙwaya guda a danne.

Amma yanzu wani baƙo ya shigo kasuwanninmu. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ana ganin ƴan ƙananan kwalabe wurin ƴan koli da masu sai da turare, ana cewa man kanumfari ne. Masu talla na cewa yana maganin haƙori, da ciki, da sanyi, da cututtukan da ba su ƙirguwa. Mutane na saye, suna ajiyewa cikin ɗaki, suna aiki da shi kamar yadda suka saba aiki da ƙwayar. To, a nan matsalar take. Ƙwayar da man asalinsu ɗaya, amma ƙarfinsu ya sha bamban ƙwarai. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Bari mu san zaƙin, mu kuma san harbin.

Daga ina kanumfari yake zuwa?

Kanumfari furen wani icce ne, furen da bai kai ga buɗewa ba. Iccen na kai tsawon mita 10 ko fiye, kuma ganyensa kore ne rani da damina. Yakan shekara biyar zuwa bakwai kafin ya fara bada amfani. Idan tohon furen ya fara yin ja-ja, sai a hau a tsinke shi da hannu, a shanya a rana kwana huɗu ko biyar har ya yi duhu. Ku dubi ƙwaya guda da kyau: tana da kai, tana da jiki siriri. Shi ya sa Faransawa ke kiranta da sunan ƙusa. Mu kuwa daga Larabawa muka samo sunan, domin su ƙaranful suke cewa, kuma ta hannun fatake kayan ya riƙa iso mana.

Manomi zai tambaya: me ya hana mu shuka shi a nan? Amsar ita ce ruwa. Iccen kanumfari na son iskar bakin teku mai laima, da ruwan sama wajen milimita 1500 ko fiye a shekara. A Maraɗi da Yamai, abin da ake samu bai cika wuce milimita 600 ba, a Tawa ma bai kai haka ba. Saboda haka duk ƙwayar da ke cikin turminmu daga nesa ta zo.

Asalin iccen wasu tsibirai ne da ake kira Maluku, cikin ƙasar Indonesiya. Littattafan mutanen Sin sun nuna cewa fiye da shekara 2000 da suka wuce, bafadan da zai yi magana da sarki sai ya saka kanumfari a baki, don kada numfashinsa ya dami sarki. Saboda tsadarsa, Turawa sun yi yaƙi a kansa. A shekarun 1600, ƴan kasuwar Holand suka mallake tsibiran, suka sassare itatuwan ko'ina, suka bar na tsibirin Ambon da ƴan kewayensa, don kada kowa ya sayar sai su. A 1770 wani Bafaranshe mai suna Pierre Poivre ya sa aka sato dashen, aka kai tsibirin Moris. Daga wannan yanki iccen ya isa Zanzibar wajen 1818, inda Sarki Sayyid Sa'id ya sa aka yi manyan gonaki, bayi na aiki cikinsu. A 1872 wata guguwa ta kayar da mafi yawan itatuwan Zanzibar, sai tsibirin Pemba ya karɓi ragamar noman. A yau Indonesiya ce ke noma fiye da rabin kanumfarin duniya, amma mafi yawansa cikin tabar sigarinsu yake ƙarewa. Madagaskar da Tanzaniya na cikin manyan masu sayar wa sauran ƙasashe.

Abin da magabata suka sani

A wurinmu, kanumfari na cikin kayan ɗumi, tare da citta da masoro da kimba. Idan sanyin hunturu ya kama mutum da mura, akan dafa su a sha da zafi. Idan mace ta haihu, akan daka mata yajin jego da su, don jiki ya yi ɗumi, abinci kuma ya shiga. Wanda cikinsa ya kumbura bayan cin abinci mai nauyi, akan ba shi ƙwaya biyu ya tauna. Mai warin baki ma haka.

Abin sha'awa shi ne, mutanen da ba su taɓa haɗuwa da mu ba sun gano irin wannan amfani. Masu maganin gargajiya na Sin sun lissafa kanumfari cikin magungunan da ke ɗumama ciki, suna ba mai shaƙuwa da mai amai. A Indiya ana aiki da shi don haƙori da tari da narkewar abinci. Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna saka man nasa a ramin haƙori.

Sai dai a lura da abu guda. Duk wannan sani na kakanninmu bisa ƙwayar yake: ƙwaya biyu, ƙwaya biyar, ɗan gari a bakin yatsa. Tsohuwar da ta san awon yaji ba ta taɓa auna man da injin ya tatso ba. Awon da ta bar mana na ƙwaya ne, bai dace da abin da ke cikin kwalba ba.

Yadda ake fitar da man

Ana zuba kanumfari cikin babbar tukunyar ƙarfe, a tura masa tururin ruwan zafi. Tururin sai ya kwaso man da ke cikin ƙwayar, ya bi ta wani tiyo da aka ratsa cikin ruwan sanyi. A nan tururin ke komawa ruwa, a raba ruwan da man. Ana fitar da mai daga furen, ana fitarwa daga sanda, ana kuma fitarwa daga ganye. Na furen ya fi kyau da tsada. Na ganye ya fi araha, ya kuma fi kaushi.

Yanzu mu yi ɗan lissafi tare. Kilo guda na kanumfari, wato giram 1000, yakan bada mai wajen giram 150. Cokalin shayi guda na ɗaukar mai wajen giram 5. Ke nan, kafin a cika wannan ɗan cokali, sai an tatse kanumfari wajen giram 33. Ƙwaya goma ke yin kusan giram guda. Saboda haka cokalin shayi guda na man yana ɗauke da ƙarfin ƙwaya fiye da 300. Wane ne zai iya tauna ƙwaya 300 a zama ɗaya? Babu. Amma ƙaramin yaro na iya haɗiye cokali guda kafin uwarsa ta juyo.

Akwai kuma man da mata ke yi a gida, su daka kanumfari su jiƙa cikin man gujiya ko man ridi na ƴan kwanaki. Wannan ƙarfinsa kaɗan ne. Kada a ɗauka shi da na kwalba abu ɗaya ne don sunansu ya zo ɗaya.

Abin da ke cikin man, da aikinsa ga haƙori

Masana sun ba sinadarin da ke cikin kanumfari suna ujenol. Shi ne mai ƙamshin, shi ne mai yajin. Cikin kashi 100 na man, kashi 70 zuwa 90 ujenol ne. Idan ya taɓa jijiya, yakan hana ta kai saƙon zafi na ɗan lokaci. Shi ya sa harshe ke yin nauyi idan an tauna ƙwayar. Yana kuma rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta.

Likitocin haƙori sun yarda da wannan. Fiye da shekara 100 ke nan suna kwaɓa ujenol da wani farin gari, su toshe ramin haƙori na wucin gadi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin likitan haƙori ya ji ƙamshin kanumfari, to abin da ya ji ke nan. A 2006, wasu likitoci a Kuweti sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 73. Sun shafa wa wasu haɗin kanumfari a dasashi, wasu kuma maganin kashe zafi na asibiti, sannan suka tsira musu allura. Aka tarar kanumfarin ya rage zafin allurar daidai da maganin asibitin. A wannan fanni, ilimin zamani ya gaskata tsofaffi.

To, amma ina iyakar aikinsa? Mutane da yawa na cewa tsutsa ce ke cin haƙori, man kuma yana kashe ta. Babu tsutsa cikin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna zaune cikin baki, suna cin sukarin da ya maƙale bayan shayi da alewa da lemun kwalba. Su kuma sai su fitar da wani tsami mai cin haƙori sannu sannu, har rami ya buɗe. Idan ramin ya kai ga jijiya, sai ciwo ya tashi.

Man kanumfari na kwantar da ciwon, amma ramin na nan, yana kuma ƙara zurfi. Kamar mai ɗaki ne da ya ga yoyo ya tara ƙwarya: shimfiɗa ta tsira a daren, amma rufin bai gyaru ba. Wani lokaci ciwon kan ɗauke gaba ɗaya bayan makonni, mutum ya ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Daga baya sai mugunya ta taru a gindin haƙorin, kunci ya kumbura. Irin wannan kumburi na iya gangarawa wuya ya toshe numfashi, kuma yana kisa.

Yadda babba zai yi aiki da shi

Idan haƙori ya tashi da dare, gidan likita kuma na nesa, ga abin da babban mutum zai yi:

1. A kurkure baki da ruwan ɗumi kofi guda da aka saka wa gishiri rabin cokalin shayi.

2. Idan akwai ƙwayar kanumfari, a fara da ita. A ɗora guda bisa haƙorin, a danne a hankali har ta yi laushi.

3. Idan man za a yi aiki da shi, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu cikin cokalin shayi na man gujiya mai tsabta, a motsa.

4. A tsoma ƴar auduga mai tsabta, a matse ta, a ɗora cikin ramin haƙorin kaɗai. Bayan ƴan mintoci a cire, a tofar da miyau. Kada a kwana da ita a baki.

5. Kada a wuce kwana biyu ana haka. A nemi likita ko da ciwon ya lafa.

Man da ba a sirka ba yana ƙona dasashi da leɓe da harshe, har ya bar gyambo. Yawan zuba shi cikin rami na iya lalata jijiyar haƙorin. Haka kuma a guji abin da wasu ke yi na saka ruwan batir, ko man fetur, ko ƙwayar asfirin bisa dasashi. Duk ƙuna suke ƙarawa.

A tafi gidan likita a ranar, ba tare da jira ba, idan kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya.

Masu shafa man a gwiwa ko a baya lokacin sanyi, su ma su sirka: ɗigo biyu cikin cokalin shayi na man kaɗanya ko na gujiya. A fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, a jira kwana guda. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari. Ɗumin da ake ji na rage jin ciwo, amma ba ya gyara gaɓar da ta lalace. Kada a kai shi ido, ko cikin kunne, ko bisa rauni, ko al'aura. Gaskiya ne sauro ba ya son ƙamshinsa, amma ƙamshin na gushewa cikin ƴan awoyi, dare kuwa dogo ne. Gidan sauro mai magani shi ne abin dogaro.

Babban haɗari: yara

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kwalbar ƴar ƙarama ce, galibi mililita 10, wato cokalin shayi biyu. Tana da ƙamshi irin na kunu da fura. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya ba ya bambance ta da abin sha.

A 1993, wata mujallar likitocin yara ta Ingila ta bada labarin yaro ɗan shekara biyu da ya sha man kanumfari tsakanin mililita 5 da 10. Ya yi dogon suma, ya yi ta jijjiga, jininsa ya kasa daskarewa, hantarsa ta taɓu. Da ƙyar aka ceto ransa, a babban asibiti mai kayan aiki. A 2005 likitoci suka sake bada labarin wani yaro ɗan wata 15 da ya sha mililita 10, hantarsa ta tsaya da aiki. Mu tambayi kanmu: idan haka ta faru a ƙauyen da ke da tafiyar yini zuwa babban asibiti, ina labari?

Dalili shi ne, hanta ce ke tace duk abin da muka sha. Idan ujenol ya yi mata yawa, sai ya ƙone ta, kamar yadda takin zamani ke ƙone shuka idan an jibga shi a gindinta. Hantar yaro kuwa ƙarama ce.

Idan yaro ya sha man, ga abin yi. Kada a sa shi amai, don man na iya faɗawa huhu. Kada a ɗura masa manja ko nono ko jiƙo. A ɗauke shi nan take zuwa gidan likita, a tafi da kwalbar, a faɗa wa likita lokacin da ya sha da kimanin abin da ya sha. Idan barci ya rinjaye shi a hanya, a kwantar da shi bisa gefensa. Kada a tsaya don an ga yana wasa. Lalacewar hanta takan ɓoye kwana guda ko biyu kafin idanu su yi ruwan ɗorawa. Likitoci kan yi aiki da irin maganin da ake ba wanda ya sha parasitamol fiye da kima, kuma da wuri yake amfani.

Jaririn da ke fitar da haƙora ba a shafa masa wannan mai, ko an sirka. Yaron da bai kai shekara biyu ba, a nisanta shi da man gaba ɗaya. Wanda ya fi haka ma, sai da izinin likita.

Akwai wani dalili kuma da ya sa bakin yaro ke son idon likita. A ƙasarmu akwai cutar da likitoci ke kira noma. Sunan ne kawai ya yi kama da noman gona. Takan kama yara ƴan shekara biyu zuwa shida, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi, da jini, da warin baki. Cikin ƴan kwanaki sai kunci ya kumbura, naman fuska ya fara ruɓewa. Idan an kai yaro da wuri, maganin asibiti na tsayar da ita. Idan an tsaya shafe-shafe a gida, mafi yawan yaran ba su tsira. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta buɗe cibiyar kula da masu wannan cuta a Damagaram, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Uwa, idan kin ji wari a bakin ɗanki, kin ga dasashi na jini, kada ki rufe warin da ƙamshin kanumfari. Goya shi ki kai likita.

Manyan da ya kamata su yi hattara

Kanumfari cikin abinci ba shi da laifi ga mai lafiya. Shan man na kwalba kuwa, babba ma bai kamata ya yi ba. Ujenol na rage saurin daskarewar jini. Saboda haka mai shan maganin tsinka jini, da mai yawan haɓo, da wanda za a yi wa aiki ko a cire wa haƙori, su bar man, su kuma sanar da likita idan sun yi aiki da shi. Mai ciki da mai shayarwa su tsaya ga ɗan abin da ke cikin miya da kunu. Mai ciwon hanta ya nisance shi.

Ana yawo da saƙonni cikin wayar salula cewa man kanumfari na warkar da ciwon sukari, da ciwon daji, da rashin haihuwa. Babu gwajin da aka yi bisa mutane da ya tabbatar da haka. Wanda ya ajiye maganin da likita ya ba shi ya kama kwalba, ya saki reshe ya kama ganye.

Idan za ku saya

Ƙwaya mai kyau tana da kanta, launinta ja ne mai duhu. Idan an danna ta da farce, ɗan maiƙo na fitowa. A jefa ta cikin ruwa: mai kyau takan nutse ko ta tsaya a tsaye. Wadda aka riga aka tatse manta takan kwanta bisa ruwa kamar kara.

Man kuwa, an fi samun na ƙwarai a farmasi. A duba takardar da ke jikin kwalbar, a karanta ranar da zai lalace. Kwalbar da ba ta da rubutu, ba a san abin da ke cikinta ba, a bar wa mai ita. Wasu kwalaben turare ne kawai aka haɗa da ƙamshin kanumfari, kuma turare ba ya shiga baki. Man gaske ya ɗan fi ruwa nauyi: ɗigonsa yakan nutse ƙasan kofi, ba ya yawo a sama kamar man gujiya. A gida, a rufe kwalbar da kyau, a ajiye ta cikin akwati mai makulli, nesa da rana, nesa da hannun yara. Kada a juye man cikin kwalbar maganin tari ko ta lemu.

Daga ƙarshe

Rigakafi ya fi magani. Haƙorin da ake gogewa safe da dare, da asawaki ko da buroshi da man goge baki, bai cika neman kanumfari ba. A rage sukari cikin shayi, a kurkure baki bayan cin zaƙi, a koya wa yara tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kanumfari ya yi wa iyayenmu rana, zai kuma ci gaba da yi mana. A bar ƙwayar cikin yaji da kunu yadda aka gada. Man kuwa a riƙe awonsa: ɗigo ɗaya, a sirke, ga babba, na kwana biyu, a kan hanyar zuwa likita. Maigida, yau da dare ka duba inda kwalbar gidanka take. Idan hannun yaro na iya kai wa gare ta, ka ɗauke ta kafin ka kwanta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.